Hadimin Manyan Baƙi a Jirgin Ruwan Shaƙatawa: Yadda Kulawa Ta Zama Haja

A cikin manyan jiragen ruwa masu yawo da fasinja a tekunan duniya akwai wani sashe wanda ba kowa ke taka shi ba. Duk wanda ya biya kuɗin masaukin alfarma, ana haɗa shi da hadimi mai kula da shi dare da rana. Mene ne aikin wannan hadimi, nawa ake biya domin a same shi, kuma cikin wane hali shi kansa yake aiki?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa fiton kaya a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko ta Lome ya san haruffan nan uku, MSC, waɗanda ake rubutawa a jikin kwantena. Kampani ne wanda wani matuƙin jirgi ɗan Italiya, Gianluigi Aponte, ya kafa a 1970, cibiyarsa tana birnin Jeneba, kuma shi ne ya sayi harkokin Bolloré na tashoshin Afirka a ƙarshen 2022 a kan Yuro miliyar 5,7. Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne wannan gida yana da wani reshe wanda ba ya ɗaukar shinkafa ko atamfa. Mutane yake ɗauka, waɗanda suka biya kuɗi domin a zagaya da su bisa teku su huta.

Irin wannan jirgi ba shi da wurin zuwa. Yakan tashi daga Marseille ko Barsalona ko Miyami, ya yi ta yada zango a garuruwan gaɓa, bayan mako guda ya mayar da mutane inda ya ɗauke su. Ƙungiyar kampanonin wannan sana'a, CLIA, ta ƙidaya fasinja miliyon 29,7 a 2019, sannan miliyon 34,6 a 2024. Jirgin Icon of the Seas, wanda ya soma aiki a Janairun 2024, tsawonsa ya kai metir 365, yana iya ɗaukar fasinja har 7.600 da ma'aikata 2.350. Gari ne sukutum bisa ruwa. To, a gari mai irin wannan cunkoso, me za a sayar wa attajirin da ya riga ya mallaki kome a gidansa? Amsar da kampanonin suka samu ita ce a sayar masa da mutum wanda zai san shi.

Daga aji uku zuwa jirgi cikin jirgi

Raba fasinja aji-aji tsohuwar al'ada ce a teku. Kampanin Cunard na Ingila ya fara jigila tsakanin Liverpool da gaɓar Amurka tun 1840, kuma kafin ƙarshen wancan ƙarni manyan jiragen da ke ƙetare tekun Atalantika sun rabu uku: attajirai a sama, matsakaita a tsakiya, talakawa masu ƙaura a ƙasa. A wancan zamani mai kuɗi ba ya jiran kampani ya ba shi hadimi, da nasa yake tafiya. Jirgin Titanic, wanda ya nutse a Afrilun 1912, har ɗakin cin abinci na daban yake da shi domin barorin manyan fasinja, maza da mata.

Jirgin sama ne ya rushe wannan tsari. Daga 1958, lokacin da jirage masu injin jet suka fara haɗa Niyok da Paris cikin ƴan awoyi, mutane suka daina yarda su yi kwana biyar ko shida bisa ruwa. Faransa ta fito da jirginta na alfahari mai suna France a 1962, mai tsawon metir 316, amma a 1974 gomnati ta janye tallafin da take ba shi, ya tsaya cik. A 1979 aka sayar da shi, aka sake masa suna Norway, ya koma yawon shaƙatawa a tekun Karibiyan. Haka sana'ar ta juya baki ɗaya. Domin a jawo matsakaitan mutane aka rage farashi, aka rushe shingen da ke tsakanin aji da aji, kowa ya ci abinci a zaure ɗaya. Cunard ne ya riƙe tsohuwar al'ada, inda har yanzu irin masaukin da mutum ya biya shi ke nuna ɗakin da zai ci abinci.

Sai dai jiragen suna ta ƙara girma, attajirai kuwa ba sa son layi da turereniya. Nan ne dabara ta biyu ta fito. A 2008 MSC ya keɓe wani ɓangare a gaban jirginsa Fantasia, can saman bene, ya sa masa suna Yacht Club: ƙofa mai buɗewa da kati na musamman, wurin ninkaya na daban, zauren hutawa na daban, da hadimai masu amsa kira awa 24. Kampanin Norwegian ya raɗa wa nasa sashen suna The Haven a 2011, Royal Caribbean kuma ya fito da nasa salon hadimai a 2016. Masu sana'ar suna kiran wannan tsari jirgi cikin jirgi. Shingen da aka rushe jiya an sake gina shi, amma wannan karo da kati da murmushi.

Akwai kuma kampanoni masu ƙananan jirage waɗanda duk ɗakunansu na alfarma ne. Silversea, wanda wani iyali ɗan birnin Rum ya kafa a 1994, cibiyarsa a Monako, yana ba kowane masauki hadimi, babba ne ko ƙarami. Royal Caribbean ya sayi kashi biyu cikin uku na wannan kampani a 2018 a kan kimanin dalar Amurka miliyar 1, ya ƙarasa sayen sauran a 2020. Wannan ciniki kaɗai ya isa ya nuna cewa akwai riba a harkar.

Abin da hadimi yake yi

Faransawa suna ce masa majordome, kalmar da ta fito daga Latin, ma'anarta babban gida. Sunan da Ingilishi suke kiransa da shi kuwa ya samo asali daga tsohuwar kalmar Faransanci bouteillier, wato mai kula da kwalaben abin sha na ubangida. A manyan gidajen Turai na da, shi ne shugaban barori maza, makullan rumbu da na kayan azurfa suna hannunsa.

A jirgi aikinsa yana farawa tun daga bakin tasha. Shi ne zai tari baƙo, ya wuce da shi ba tare da bin layi ba, ya kai shi masaukinsa. A jiragen Silversea da na MSC za a gan shi cikin baƙar riga mai dogon baya, sau da yawa har da farar safar hannu. Idan baƙo ya yarda, zai buɗe masa akwatuna, ya rataye tufafi, ya kai waɗanda suka yamutse wurin guga, ya goge takalma. Zai gabatar da matasai iri-iri, mai taushi da mai tauri, baƙo ya zaɓa, haka ma sabulu da man shafawa. Zai cika firji da abin shan da baƙo ya fi so. Da safe shi ke kawo karin kumallo, ya shimfiɗa ƙyalle bisa tebur a baranda, ya jera faranti kamar a babban otel. Da la'asar ya kawo shayi da ƴan kayan maƙulashe. In baƙo ba ya son fita cin abincin dare, hadimi zai kawo masa shi a ɗaki, kwano bayan kwano, bisa tsari. In baƙo ya gayyaci abokai, shi ke shirya liyafar. Daren ƙarshe kuma shi ke sake ɗaure kaya.

Ya kamata mai karatu ya bambanta ma'aikata uku waɗanda ake yawan haɗawa. Akwai mai gyaran ɗaki, wanda ke shara da canza zanen gado. Akwai mai tebur na musamman, wanda ke kula da takardu, da kama wuri a ɗakunan cin abinci, da shirya yawon gari in an yada zango. Hadimi shi ne na uku, kuma shi ne fuskar da baƙo ya sani. Baƙo ba ya buƙatar sanin wa ke dafa abinci ko wa ke gyaran famfo. Lamba ɗaya zai buga a tarho, sauran ya rage wa hadimi ya bi ta kicin, ta ɗakin wanki, ta ofishin injiniyoyi har buƙata ta biya. Akwai kuma abin da ba aikinsa ba ne: ba ya renon yara, ba ya jinyar maras lafiya.

Tallar kampani takan sa mutum ya zaci hadimin nasa ne shi kaɗai. Ba haka ba ne. Hadimi ɗaya yana kula da masaukai da yawa, sau da dama goma ko fiye. Gwanintarsa ita ce kowane baƙo ya ji kamar shi kaɗai ake yi wa aiki, ko da mutum huɗu sun nemi karin kumallo a ƙarfe takwas daidai.

Nan ne sirrin sana'ar yake. Kowane babban ɗan kasuwa a Maraɗi ko Damagaram ya san darajar amintaccen yaron gida, wanda ya san lokacin da alhaji ke son shayi, ya san baƙon da za a shigar da wanda za a ce ya dawo gobe, ya san abin da ba a faɗa a waje. Irin wannan sani shekaru ake yi ana gina shi tsakanin ubangida da bara. Hadimin jirgi kuwa kwana bakwai yake da su, kuma dole ya gama karantar mutum cikin kwana ɗaya ko biyu na farko. Kampani yana taimaka masa da takardar da baƙo ke cikawa kafin tafiya, da kuma bayanan da ake ajiyewa a kwamfuta daga tafiyar da ta gabata. Sauran kuwa ido ne da kunne. Wanda ya bar ayaba a faranti jiya, ba za a sake kawo masa ita yau ba. Wanda ba ya shan giya, za a kwashe kwalaben tun kafin ya yi magana. Mai son hira a yi masa hira, mai son shiru a ajiye tire a fita. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Kampanonin jiragen ruwa sun ɗauki wannan magana sun yi mata farashi.

Farashin kulawa

A jirgin Queen Mary 2 na Cunard, wanda aka ƙera a Saint-Nazaire ta Faransa, ya soma aiki a 2004, fasinjan ajin Queens Grill ne kawai ke da hadimi. Manyan masaukansa biyu, Balmoral da Sandringham, bene ne hawa biyu, kowane ɗaya ya haura murabba'in metir 200. A 2016 kampanin Regent ya fito da jirgin Seven Seas Explorer, wanda babban masaukinsa ya haura murabba'in metir 400, har da piyano a zaure. An sa masa kuɗi kimanin dalar Amurka 10.000 a dare ɗaya, kusan miliyon 6 na sefa bisa canjin wannan shekara. A lokacin mafi ƙarancin albashi a Nijar, SMIG, sefa 30.047 ne a wata. Ke nan kwana ɗaya a wannan ɗaki ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci na shekara 16.

Me ya sa kampani ke ɗora hadimi bisa irin wannan ɗaki? Ɗan kasuwa zai gane lissafin nan take. Jirgi yana shan mai iri ɗaya ko ɗakunan sama sun cika ko ba su cika ba, saboda haka duk ƙarin da attajiri ya biya kusan riba ce zalla. Gado mai taushi da bangon marmara abu ne da abokin gasa zai kwaikwaya a jirginsa na gaba. Abin da ke sa baƙo ya dawo baɗi, har ya jawo abokansa, shi ne tunawa da mutumin da ya kira shi da sunansa, ya san yadda yake son kofi. Albashin hadimi kuwa ƙaramin abu ne idan aka auna shi da kuɗin masaukai goma da yake riƙe da su.

Sai maganar tukuici. A manyan jiragen Amurka ana ɗora wa kowane fasinja wani kuɗin hidima a kowace rana, wanda ke kai-komo wajen dalar Amurka 16 zuwa 25, na masaukin alfarma ya fi yawa, ana raba shi tsakanin ma'aikata. A jiragen Norwegian hadimi ba ya cikin wannan rabo, sai abin da baƙo ya miƙa masa da hannunsa ranar rabuwa. A jiragen Silversea kuwa an riga an saka tukuici cikin kuɗin tikiti. Inda tsarin farko yake aiki, wani ɓangare na abin da hadimi zai kai gida ya rataya ne ga halin baƙo, mai kyauta ne ko marowaci.

Mutumin da ke cikin baƙar riga

Salon na Ingila ne, amma masu yin aikin da wuya su zama Ingilishi. Akasarinsu sun fito daga Filipin, Indiya, Indonisiya da wasu ƙasashe masu ƙarancin albashi. Yawanci mutum yakan fara da gyaran ɗaki ko hidimar tebur, ya yi shekaru ana lura da shi kafin a ɗaga shi. Sana'a ce da ake koyo a makaranta. Ivor Spencer ya buɗe makarantar hadimai a Landan a 1981, akwai wata kuma a ƙasar Holan tun 1999, Cunard ma yana da tasa makarantar horo mai suna White Star Academy. Ana koyar da jera tebur, da kula da tufafi masu tsada, da yadda ake shiga ɗaki da fita, da kame baki.

Baƙo yana kwana a saman bene, teku a gabansa. Ma'aikatan hidima suna kwana a can ƙasa, galibi biyu-biyu a ɗan ɗakin da ba shi da taga. Kwantiragi yakan kai wata shida zuwa tara, kuma a tsawon wannan lokaci ba a san ranar hutu cikakkiya ba, sai dai ƴan awoyi in jirgi ya tsaya. Dokar da ke kare su ita ce yarjejeniyar aikin teku wadda ƙungiyar ƙwadago ta duniya, OIT, ta amince da ita a Jeneba a 2006, ta fara aiki ranar 20 ga Agustan 2013. Ta ce dole ma'aikaci ya samu hutun awa 10 cikin kowace awa 24, da awa 77 cikin kwana bakwai. Mako yana da awa 168. In aka cire 77, saura 91. Ma'aikacin gomnati da doka ta yanka masa awa 40 a mako zai iya auna bambancin da kansa. Yarjejeniyar ta kuma hana a riƙe mutum a jirgi har wata 12 ba a mayar da shi gida ba, ta ba shi hutun kwana biyu da rabi a kan kowane watan aiki, ta haramta wa dillalan ɗaukar ma'aikata su karɓi kuɗi daga hannunsa.

Wa ke tabbatar da an bi wannan doka? Ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta ce ta farko. Akasarin waɗannan jirage an yi musu rajista a Bahamas, Panama, Malta ko Bermuda, inda haraji ke da sauƙi. Queen Mary 2 da kanta, duk da sunan sarauniyar Ingila, tutar Bermuda take ɗauke da ita tun 2011. Amurka, wadda ta fi kowace ƙasa yawan fasinja, ba ta rattaba hannu kan yarjejeniyar ba. Abin da ya rage shi ne binciken da jami'an tashoshi ke yi in jirgi ya shigo, da ƙungiyoyin ƙwadago na ma'aikatan teku.

Duk da haka ana rububin aikin, domin abin da ake samu ya fi na otel a gida nesa ba kusa ba, ga ci da kwana kyauta. Ƙasar Filipin ta mayar da wannan harka hanyar samun kuɗin waje: dokarta ta wajabta a aika kashi 80 cikin 100 na ainihin albashin ma'aikacin teku zuwa ga iyalinsa a gida, kuma a 2019 abin da waɗannan ma'aikata suka aika ya haura dalar Amurka miliyar 6. Da wannan kuɗi ake gina gidaje, ake biyan lakwal ɗin yaran da ke girma ba su ga ubansu ba sai bayan wata takwas.

Ranar da teku ta juya

Hadimi ma'aikacin jirgi ne kafin ya zama mai zuba shayi. Dokar duniya ta wajabta wa duk mai aiki a jirgi ya samu horon kashe gobara, da ceton rai, da agajin farko, kuma kowa yana da wurin da zai tsaya in an busa ƙahon haɗari. Daren 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya bugi dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya, mutum 32 suka rasu. Kyaftin ɗin, Francesco Schettino, ya bar jirgi alhali akwai sauran mutane a ciki, kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 16. Gawar ƙarshe da aka gano, a Nuwamban 2014, ta wani mai hidimar tebur ce ɗan Indiya.

A 2020 annobar korona ta nuna wani gefen. A watan Fabrairu aka killace jirgin Diamond Princess a Yokohama ta Japan da mutum kimanin 3.700, fiye da 700 suka kamu. Fasinja suna kulle a ɗakunansu, ma'aikata ne ke bin ƙofa-ƙofa da abinci. Da sana'ar ta tsaya a watan Maris, an kwashe fasinja an mayar da su gida, amma dubban ma'aikata sun yi watanni bisa ruwa saboda ƙasashe sun rufe iyakokinsu. A Satumban wannan shekara hukumar teku ta duniya, OMI, ta ƙiyasta ma'aikatan jirage iri-iri 400.000 da suka maƙale, kwantiraginsu ya ƙare amma ba hanyar komawa gida.

Abin dubawa a nan gida

Nijar ba ta da teku, amma tana da baƙi. Taron ƙolin Tarayyar Afirka na Yulin 2019 ya sa an gina manyan otel-otel a Yamai, kuma babu gidan attajiri ko na babban ma'aikaci da ba shi da mai yi masa hidima. A wurinmu har yanzu kalmar boyi kalmar raini ce, aikin da ake ba wanda bai samu wani ba, ba horo, ba takarda, ba ƙayyadadden lokacin tashi. A can kuwa an ɗauki wannan aiki an yi masa makaranta, an yi masa matakan ƙarin girma, an sa shi a sahun gaba na abin da ake tallatawa. Mai otel da ke kashe miliyoyi wajen tayil da fitilu, ya bar ma'aikatansa ba horo, yana iya duba inda waɗannan kampanoni suke zuba nasu kuɗin.

Hadimin jirgi yana shan wahala, awa 91 ba wasa ba ce. Amma yana da takardar da ta faɗi albashinsa, da awoyin hutunsa, da ranar da za a sa shi a jirgin sama zuwa gida, kuma akwai jami'in da zai iya hawa jirgi ya nemi ganin wannan takarda. Yaron da ke buɗe ƙofar gida tun asuba a Tawa ko Maraɗi, ya kwanta bayan kowa ya yi barci, wace takarda zai nuna wa mai binciken ƙwadago in ya zo? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, haka ma wanda ya ci moriyar hidima, akwai haƙƙin da ya hau kansa.